Tsofaffin motocin gudu masu rufin tamfol: wacce ce ta yi ƙaranci da gaske, kuma ta ina ake samo ta?

MaiSitiyari:
Assalamu alaikum jama'a. Duk tallar tsohuwar mota mai kujera biyu da rufin tamfol da mutum zai buɗe, sai ya ga an rubuta wai irinta ba ta da yawa a duniya. Mai MGB ta Ingila ya faɗa, mai Mercedes 300 SL ma ya faɗa. To da me ake auna ƙarancin nan? Sannan wanda ya ƙwallafa rai a kan Mercedes 250 SL, wadda ake wa laƙabi da Pagoda, mai giyar hannu, ta ina zai fara nema? Masana a taimaka.

Injiniya_Sada:
Wa alaikumus salam Malam. A fara da adadin da kamfani ya ƙera, don shi ne ba ya canzawa. BMW 507, daga 1956 zuwa 1959, guda 252. Ferrari 250 GT California Spyder guda 106 kacal, 50 masu dogon shasi, 56 masu gajere. Mercedes 300 SL Roadster, 1957 zuwa 1963, guda 1,858. Ƙanwarta 190 SL guda 25,881. Pagoda gaba ɗaya, wato 230 SL da 250 SL da 280 SL, 1963 zuwa 1971, guda 48,912. MGB mai buɗaɗɗen kai kuwa ta haura 380,000. Ka ga ke nan mai MGB in ya ce tasa ba ta da yawa, cika baki ne kawai.

Taka 250 SL ita ce mafi ƙaranci a gidan Pagoda: 5,196, saboda shekara ɗaya da 'yan watanni aka yi ana ƙera ta, daga ƙarshen 1966 zuwa farkon 1968. 230 SL ta kai 19,831, 280 SL ta kai 23,885.

Kafireto66:
Gyara kaɗan Injiniya, 507 ɗin wasu littattafan 252 suke rubutawa, wasu 254. Ko kan mota biyu ma ba a gama jayayya ba.

Tsohon_Fanelbita:
Ni ban yarda lissafin kamfani shi ne ma'auni ba. Tambayar ita ce nawa suka rage da ƙashinsu na asali. Motar da ba ta da rufin ƙarfe, duk nauyinta yana kan dogayen ƙarafan nan biyu na ƙarƙashin ƙofa da kuma daɓen ƙasa. Tamfol kuwa komai kyansa sai ya yi yoyo. Ruwa ya shiga, kafet ya shanye, ya kwana a kan ƙarfe shekara da shekaru. Tsatsa daga ciki take ci ta fito waje, kafin ka ga ƙuraje a fenti aikin gama ya gama. Shi ya sa MGB da ba a taɓa sa wa walda ba ta fi wuyar samu a kan 300 SL da aka gyara. Masu tsadar tun farko a ɗaki ake ɓoye su, masu arahar su aka bari a ruwa da gishirin da ake watsa wa titunan Turai lokacin ƙanƙara.

Dan_Gwanjo:
Baba ya faɗi gaskiya. Ƙaranci iri uku ne: wanda aka ƙera, wanda ya rage, da wanda ke kasuwa yau. Na ukun shi ke wahalar da mai nema. 507 kusan duk an san hannun da suke, amma masu su ba sa sayarwa, sai mutuwa ko rabon gado ya fito da ɗaya. Pagoda kuwa kullum akwai ta a kasuwa, mai kyan ce ba ta kwana.

UmmuKhalil:
Kuma ƙaranci ba shi ne daraja ba. Triumph TR5 guda 2,947 aka yi, ba ta kai yawan Porsche 356 Speedster ba, amma kuɗin Speedster ya ninka nata sau da yawa. Sai ƙarancin ya haɗu da masu so.

MaiSitiyari:
Na gode ƙwarai. To batun neman fa? Shafukan talla sun ishi mutum?

Dan_Gwanjo:
Ba su isa ba ɗan'uwa, su ne ma matakin ƙarshe. Mota mai kyau sau da yawa a tsakanin 'yan ƙungiyar masu irinta take canza hannu, ba a taɓa tallata ta ba. Saboda haka abu na farko ka shiga ƙungiyar masu Pagoda, ka biya kuɗin rajista, ka sanya cigiya a mujallarsu. Ka faɗi ainihin abin da kake so: 250 SL, giyar hannu, sitiyari a hagu ko dama, wadda ake hawa ko wadda za a gyara. Mai cigiyar da ya ce kowacce ma, ba a ɗaukarsa da muhimmanci.

Na biyu, garejin da suka ƙware a kan motar. Bakanike ya san tsohon da ya daina tuƙi tun kafin 'ya'yansa su yanke shawarar sayarwa. Na uku, manyan taruka: Rétromobile a Faris farkon shekara, kasuwar kayan tsofaffin motoci ta Beaulieu a Ingila a watan Satumba, da ta Hershey a Amurka a watan Oktoba. Sai gidajen gwanjo irin su Bonhams, RM Sotheby's da Artcurial, da na intanet irin su Bring a Trailer. Amfanin gwanjo ko ba ka saya ba, suna barin hotuna da lambar shasi da farashin da aka sayar. Ka buɗe littafi, duk 250 SL da ta fito ka rubuta lambarta da launinta da mil nawa ta ci. Bayan shekara za ka ga mota ɗaya ta fito sau uku a hannun dillalai uku, fenti ya canza, mil ya ragu.

Kafireto66:
A dubi Amurka sosai. Mafi yawan buɗaɗɗun motocin Ingila can aka kai su tun suna sababbi, Pagoda ma da yawa can ta tafi. Na Kalifoniya da Arizona ƙarfensu ya fi tsira saboda bushewar iska, sai dai rana ta cinye roba da fata da dashbod. Wannan ciniki ne mai kyau, don fata ana ɗinkawa, ƙashin mota ne ba ya dawowa yadda yake.

Amma a san bambancin. Daga 1968 dokar Amurka ta sa an ƙara ƙananan fitilu a gefe, an kuma rage wa injuna ƙarfi saboda hayaƙi. Jaguar E-Type ta can kafireto biyu na Stromberg aka sa mata a maimakon uku na SU. MGB daga ƙarshen 1974 ta koma baƙar bamba ta roba, an kuma ɗaga ta sama.

Barau_A:
Ni dai labarin motocin da ake tsinta a rumbun gona ne ke burge ni. Har yanzu ana samu kuwa?

Injiniya_Sada:
Ana samu, amma allura ce cikin ruwa. Wanda ya fi shahara shi ne tarin motocin Roger Baillon a yammacin Faransa, da aka gano a 2014. A ciki akwai California Spyder mai gajeren shasi, wadda Alain Delon ya taɓa hawa, an same ta an jibga mata tsofaffin mujallu a kai. Artcurial ta yi gwanjonta a Faris a Fabrairun 2015, ta tashi a kan Yuro miliyan 16.3. Sai 507 ɗin Elvis Presley, mai lamba 70079, wadda ya hau lokacin da yake aikin soja a Jamus. A wani rumbu a Kalifoniya ta shafe shekaru, babu injinta na asali. BMW da kansu suka gyara ta, aka nuna ta a bikin baje kolin tsofaffin motoci na Pebble Beach a Kalifoniya a 2016.

Tsohon_Fanelbita:
Labarin nan shi ya ɓata kasuwa. Yanzu dillali sai ya tura ruɓaɓɓiyar mota cikin rumbu, ya watsa mata ƙura da ciyawa, ya ɗauki hoto. Ƙurar gaske ana gane ta: tayoyi sun zauna sun tsage ta gefen da ke ƙasa, birki ya kama, ɓeraye sun yi sheƙa a bayan dashbod sun ci waya, fetur ɗin tanki ya zama kamar danƙo yana warin fenti. In ka ga ƙura a bonet amma faifan birki na sheƙi, jiya aka turo ta.

Hajiya_Rabi_Takardu:
Ku bar ƙarfe tukuna, a fara da lamba. Malam MaiSitiyari, lambar shasin 250 SL da 113.043 take farawa. 230 SL 113.042, 280 SL 113.044. Lambobi biyu da ke biye su ne amsar tambayarka: 10 sitiyarin hagu giyar hannu, 12 hagu otomatik, 20 sitiyarin dama giyar hannu, 22 dama otomatik. In an nuna maka mai giyar hannu amma lambarta 12, daga baya aka canza mata giyabos. Ba laifi ba ne a hau ta, amma kada ka biya kuɗin ta asali.

Injin ma haka. Na 250 SL da 129.982 yake farawa. In ka ga 129.980, daga 250 SE mai ƙofa huɗu ko 'yan uwanta aka ciro shi. Ana yawan yin haka, don da ido kusan ɗaya suke. Bayan nan sai katin bayanan motar na ranar da ta bar masana'anta, wanda ake nema daga sashen tsofaffin motoci na Mercedes da shaidar mallaka. A ciki akwai lambar inji, lambar giyabos, launin fenti, launin kujeru da ƙarin kayan da aka sa mata. Mai mota na ƙwarai yana da kwafinsa. Wanda ya fara kame-kame in an tambaye shi, ka san akwai lauje cikin naɗi.

UmmuKhalil:
Ƙari a kan maganar Hajiya, kowace mota da inda ake tambayar asalinta. MG, Triumph da Austin-Healey, ma'ajiyar tarihin motocin Birtaniya da ke Gaydon ce ke ba da takardar shaida. Jaguar na da tata ma'ajiyar. Porsche akwai katin bayanan masana'anta da ake kira Kardex. Ferrari na da sashen Classiche.

Kafireto66:
Akwai tarko ɗaya a 250 SL da ba a ambata ba. An yi wata da ake kira California Coupe, rufin ƙarfen da ake cirewa kawai gare ta, babu tamfol sam, an sa ɗan benci a baya a gurbinsa. A hoto da rufin ƙarfe a kai ba ka bambance su. Ka sa a sauke rufin, a buɗe murfin bayan kujeru, a ɗaga tamfol ɗin a gabanka har ya kulle a saman gilashi. Ƙarafan da ke naɗe tamfol in sun ɓata ko sun lanƙwashe, samun wasu ya fi ɗinka sabon yadi wahala da tsada nesa ba kusa ba.

Barau_A:
Ashe har a nan akwai jabu?

Injiniya_Sada:
Sosai ma Barau. Duk inda buɗaɗɗiya ta fi mai rufi tsada, an samu wanda ya ɗauko zarto. Ferrari Daytona buɗaɗɗiya ta masana'anta kusan 122 ce, amma an yanke kan masu rufi da dama an mayar da su haka. E-Type ta farko mai inji 3.8 lambarta na tona asiri: buɗaɗɗiya da 850 take farawa in sitiyarin dama ce, 875 in hagu. Mai rufi 860 da 885. Buɗaɗɗiya mai lamba 885 yankakkiya ce, mai 875 da sitiyari a dama kuma juya ta aka yi.

Akwai kuma masu ɗaga darajar ƙarama. Austin-Healey 100M ta masana'anta guda 640 ce, amma kayan da ake mayar da 100 ta koma kamarta ana sayar da su tun wancan zamani, don haka bonet mai tsaga-tsaga ba hujja ba ce. Sunbeam Tiger kusan 7,000 aka yi, sai mutane suka riƙa cusa injin Ford V8 a cikin Alpine, 'yar uwarta mai ƙaramin inji, suna liƙa mata farantin Tiger, har ƙungiyar masu motar ta kafa tsarin tantancewa. TR5 lambarta da CP take farawa, TR250 ta Amurka mai kafireto da CD. AC Cobra kuwa ba a magana, ta asali ba ta cika dubu ba, kwafinta ya ninka haka ban san sau nawa ba a kan titi.

Gidan_Batir:
Maganaɗisu kawai za ka riƙe. Inda bai kama ba, fila ce, wato ƙullun da ake cike ramin bodi da shi. Speedster ta faiba da aka ɗora a kan shasin Beetle ma nan take yake tona ta.

Tsohon_Fanelbita:
A'a yaro, kada ka sa mutum ya gudu daga mota mai kyau. Bonet da murfin but da fatar ƙofofin Pagoda alminiyom ne, maganaɗisu ba zai kama ba ko ranar da ta fito daga masana'anta. Jaguar kuma da dalma suke shafe mahaɗar bodi. Na'urar auna kaurin fenti ta fi, irin mai karanta ƙarfe da alminiyom duka. Fentin asali yakan tsaya tsakanin maikiron 100 zuwa 200. In ya kai 300 ko 400 an sake fenti, wannan ba komai. In ya haura 1,000, fila ce a ƙasa. Ka auna kowane fanel wuri biyar ko shida, musamman bakin taya da ƙasan ƙofa.

Ga yadda ake duba ƙashi. Mota na ƙasa, ka duba ratar ƙofa sama da ƙasa, ta zama daidai. Sai a sa jak a ɗaga kusurwa ɗaya, ka buɗe ƙofa ka rufe. In ta cije, ko ratar sama ta buɗe, ƙarafan ƙarƙashin ƙofa sun mutu, motar na lanƙwashewa a tsakiya. A ɗage kafet duka, a cire tayar safaya, a taɓa ƙasan but. A ɗaga ta sama a bi ta da tocila da ɗan guduma, ƙarfe mai lafiya ƙara yake, ruɓaɓɓe bif yake yi. Baƙin kwalta sabo da aka fesa a ƙasa kyan ɗan maciji ne, ka tambayi hoton kafin a fesa.

A Pagoda ka buɗe bonet ka bi gefen fenda ta ciki, za ka ga ɗigo-ɗigon waldar masana'anta a jere. In wurin sumul yake, an canza fenda. Akwai kuma 'yar tsaga ƙarama a fenda kusa da fitilar gaba ta ɓangaren ciki, masu gyaran gaggawa sukan shafe ta da fila. Su Pagoda fendarsu a walde take da bodi, ba ƙusa ake kwancewa ba, shi ya sa aikin ke da tsada.

Gidan_Batir:
Na karɓi gyara Baba. Allah ya ƙara basira.

Tsohon_Fanelbita:
Amin. Kuma duk wanda zai yanke ƙarafan ƙarƙashin ƙofa a buɗaɗɗiyar mota, ya fara walda sanduna a ramin ƙofofin biyu da kuma tsakaninsu, ya yi gefe ɗaya ya gama kafin ya taɓa ɗayan. In ba haka ba motar za ta zauna, ƙofa ba za ta ƙara rufuwa daidai ba har abada.

MaiSitiyari:
Idan an samu wadda ta daɗe a ajiye fa, a tayar da ita a ji injin kafin a saya?

Bakanike_Ilu:
Kul! Nan ake kashe inji. Ka cire fulogi shida, ka zuba ɗan mai kamar cokali ɗaya ko biyu a kowace silinda, a bar shi kwana biyu ko uku. Sannan a juya karanshaf da hannu da soket, ba da kik ba. In ya cije kada a tilasta, zoben fistin ne ya kama, ƙarfi zai karya shi. In ya juya, a zubar da tsohon baƙin mai, a canza filta, a zubar da fetur ɗin tanki kaf a wanke tankin. Sai a yi kik babu fulogi har allurar mai ta tashi. Bayan nan a auna matsin kowace silinda, bambancinsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100.

Pagoda ba kafireto gare ta ba, famfon Bosch ne mai 'yan fistin shida a ciki. Tsohon fetur na daskarar da sandar da ke daidaita mai, in ta maƙale injin zai sha mai fiye da kima, fetur ya wanke silinda ya gangara cikin baƙin mai. Ka shinshina sandar auna mai, in kana jin fetur, ka sa kuɗin gyaran famfo a lissafi, kuma masu iya shi ba su da yawa. Birki kuma a canza mai da robobin tiyo duka kafin ta taka titi. Taya ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta, mako da shekara ne. In lambobi uku ka gani, tun kafin 2000 aka yi ta.

UmmuKhalil:
Abin da ya sa wasu ke fifita 250 ɗin ke nan: karanshaf ɗinta a kan beyarin bakwai yake zaune, na 230 huɗu, kuma birkin faifai gare ta gaba da baya, 230 ganga ce a baya.

Kafireto66:
Amma kasuwa 280 ta fi so Hajiya, duk da ta fi yawa. Mun dawo kan maganarki ta TR5.

Hajiya_Rabi_Takardu:
Kafin kuɗi ya fita: kada a yi cinikin biri a sama. 'Yan damfara hotunan tsohon gwanjo suke kwashewa su rage farashi. Ka nemi a ɗauko maka bidiyon lambar da aka buga a jikin ƙarfen shasi, ba farantin da ake ɗaurewa da ƙusa kaɗai ba, da takarda mai kwanan watan ranar a gefe. Ka ɗauki mai duba mota wanda kai ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Lambar takarda ta dace da ta ƙarfe harafi da harafi. Motocin kafin 1981 ba su da lambar nan mai gurbi 17, don haka shafukan binciken tarihin mota na zamani ba sa ganinsu, rajistar ƙungiya ce ke nuna ko akwai wata motar mai lamba ɗaya a wata ƙasa. Wasu jihohin Amurka kuma ba sa ba tsofaffin motoci takardar mallaka, sai rajista da rasidin ciniki, ka tabbatar inda za ka kai ta za su karɓi haka tun kafin a loda ta a jirgi.

Dan_Gwanjo:
Ni shawarata Malam ya sassauta sharaɗi. Ya ce lallai 250, lallai giyar hannu, in ya ƙara da launi da giya biyar ta ZF, sai ya tsufa yana jira. 230 mai ƙashi lafiyayye ta fi 250 mai faci.

Injiniya_Sada:
Ban goyi bayan haka ba gaba ɗaya. A sassauta a launi, a sassauta a inji ma in an rage kuɗi, amma 5,196 ba 252 ba ne. Mai haƙurin shekara ɗaya ko biyu da littafinsa a hannu zai samu.

Tsohon_Fanelbita:
Zai samu mai lamba 043, ba musu. Mai ɗigon waldarta na asali ce nake shakka.

MaiSitiyari:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Hajiya Rabi, in katin masana'anta ya nuna launi daban da wanda ke jikin motar, amma inji da giyabos duk nata ne, a ci gaba da ciniki ko a janye?

Hajiya_Rabi_Takardu:
A ci gaba, amma a rage kuɗi. Ka duba ƙarƙashin dashbod da cikin ramin ƙofa da ƙasan robar but. In tsohon launi na leƙowa, fentin sama-sama aka yi, sai Baba ya bi ta da na'urarsa a ga abin da aka rufe. In ko'ina sabon launi ne har ɗakin inji, an tuɓe ta kaf ke nan, ka nemi hotunan aikin da rasidansa.